Ɗanasabe Wanzami da Babur ɗin Sai-haƙuri

Ɗanasabe Wanzami ya kai shekara hamsin da ɗaya bai taɓa tuƙa wani abu mai inji ba. An ɗauke shi a mota, an goya shi a babur, sau ɗaya ma an ɗora shi a kan buhunan albasa daga Bakura zuwa Talata Mafara, amma a ce shi ne riƙe da kan abin hawa, wannan bai taɓa faruwa ba. Ƙafa ya gada tare da zabira. Ubansa a ƙafa ya yi wanzanci, kakansa ma haka, kuma dukansu sun koma ga Allah da faso a dunduniya wanda za a iya ɓoye allura a ciki.

Ba su bar masa gona ba, gidaje suka bar masa. Wanzami a wannan ƙasa gidaje yake gada. Gidan da kakanka ya yi wa aiki, kai za ka aske jariransa ranar suna, kai za ka yi wa yaransa kaciya, kai za ka kafa wa tsofaffinsa ƙaho idan baya ya riƙe. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ba a kai ƙara idan an saɓa. Sai dai wata rana ka ji an yi suna a gidan, wani ya yi askin, shi ke nan ka san an sallame ka. Gidajen Ɗanasabe sun bazu daga Ruwan Gizo zuwa tungayen da ke bin kanal ɗin Bakalori har gefen Bakura. Daga cikinsu yake samun hatsi da kaka, da naman suna, da goro, da girman da ake ba mutumin da ya san kan kowa tun yana ɗanye.

Gajere ne, mai tsabta, mai ji da hannunsa na dama. Yana aske jariri ɗan kwana bakwai tas, jaririn bai farka ba. Saboda wannan hannu ba ya faskare, ba ya jan guga, ba ya ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Matarsa Batulu ta ce a duk raggayen da ta sani, shi kaɗai ne ya samo wa lalacinsa hujja.

Abu biyu suka kai shi ga babur. Gwiwarsa ta hagu ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, sannan wani wanzami mai suna Muttaka, wanda bai gaji gida ko ɗaya ba, ya sayi keke. Suna da safe ake yi. Idan sunaye biyu suka haɗu rana ɗaya, wannan a gabas wancan a yamma, kafin Ɗanasabe ya ja gwiwa zuwa na biyu sai ya tarar da Muttaka a zaure yana gaishe da mutane, zabira a cinya, wai wucewa ya zo yi.

To Ɗanasabe yana tsoron baki fiye da yadda yake tsoron maciji. Ya yi imani cewa duk abin da ka faɗa kafin ka aikata, ka miƙa wa mutane ne su tauna, kuma abin da aka tauna ba ya albarka. Don haka da ya ƙudura sayen babur bai gaya wa kowa ba. Bai gaya wa abokan hirarsa na ƙofar masallaci ba. Bai gaya wa Mas'ud bakanike ba, alhali katanga ɗaya ta raba su. Ya sayar da raguna biyu da ya turke, ya ce wa Batulu kiwo ya fara gundurarsa.

Wata Talata ya zaga ta bayan kasuwa kamar mai zuwa sayen maganin basir, ya ɓulla inda ake sayar da babura na hannu. Wani dillali mai haƙorin Makka ya dube shi sau ɗaya, ya gane Allah ya kawo kasuwa.

"Wanzam, aski ka kawo muna ko alheri?"

"Kallo nika yi."

"Kallo kyauta ne. Taho ka kalli wanga."

Ja ne, an wanke shi an goge har yana ɗaukar ido. Ɗanasabe ya duba shi yadda ya iya duba abu. Ya leƙa madubi ya ga fuskarsa ta fito daidai. Ya bi tanki da babban yatsa kamar mai gwada kaifin aska. Ya danna kujera ya ji laushi. Dillali ya buga kik ya tayar, amma dab da su akwai mai maganin gargajiya da lasifika yana yi wa jama'a bayanin sanyin mara, don haka abin da Ɗanasabe ya ji kawai shi ne babur ya tashi. Farashinsa bai kai na 'yan'uwansa ba. Ya ɗauka addu'ar iyaye ce ke binsa.

"Mi ya sa mai shi zai saida?"

"Ya tuba da kabu-kabu, ya koma saida rake."

Wannan gaskiya ce. Dillalin bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, kuma har yau yana faɗin haka da alfahari.

Da yake bai iya hawa ba, dillalin ne ya goyo shi har gida. A hanya ya lura wasu suna juyowa suna bin su da kallo, sai ya gyara zama ya ɗaga haɓa. Batulu ta fito ta zagaya babur ɗin sau biyu, ta ce, "To, ga ragunan sun dawo da taya." Mas'ud kuwa ƙarar ce ta fito da shi, da sifana a hannu. Ya karkata kai ya saurara har inji ya mutu.

"Baba Wanzam, ina ka samo wanga?"

"Kasuwa."

"Ka yi shawara da wani?"

"Da Allah."

Mas'ud ya sosa ƙeya da sifana. "To, Allah shi sa albarka."

Shi ya koya masa hawa a filin idi, sati biyu cur. Ɗanasabe ya kasa rarrabe kuloci da birki har kwana huɗu. Idan zai faɗi, maimakon ya tare da hannu kamar kowa, sai ya cusa hannun dama a hammata ya sauka a kan fuska. Ya yi wa katangar filin sallama sau uku. A kwana na goma ya zagaya filin bai faɗi ba, ya kasa tsayawa, ya ci gaba da zagayawa yana salati har mai ya ƙare.

Kula da babur kuwa nan da nan ya gane ta, domin ya ga ba ta da bambanci da aikinsa. Ranar da Mas'ud ya kwance ƙasan inji baƙin mai ya zubo a gwangwani, ya ce masa wannan shi ne juye, kuma duk wata ake yi, Ɗanasabe ya tsuguna ya leƙa gwangwanin da idon masani.

"Ai ƙaho ne. Mataccen jini ka hidda."

Daga ranar bai taɓa saɓa juye ba. Ya ware wata tsohuwar aska don kankare fulogi. Yana ɗiga wa sarƙa mai ɗaya bayan ɗaya kamar mai sa wa jariri kwalli. Ran Juma'a babur yake fara yi wa wanka kafin kansa. Kuma ya saba da wata ɗabi'a ta babur ɗin har yana sonta: idan aka sassauta totur za a tsaya, sai ya yi tari biyu, sannan ya ja wani siririn fito mai tsawo, kamar sarewar kara da ta tsage.

Fitarsa ta farko suna ne a Ruwan Gizo, gidan wani manomin dawa. Ya sa farar riga, ya rataya zabira, ya naɗe hula da rawani don kada iska ta ɗauke. Ya shigo lungun an gama fatiha, maza suna kan tabarmi ana rabon goro. Ya sassauta totur. Babur ya yi tari biyu, ya ja fito.

Goro ya tsaya a hannun mai rabo. Maza suka miƙe gaba ɗaya. A cikin gida, inda ake guɗa da lugude, aka yi tsit, sannan wata murya ta ɗauki salati, wasu suka amsa, kafin ya kafe babur kuka ya game gidan. Wata mata ta fito babu mayafi, da ludayi a hannu. Maigidan ya matso.

"Wa anka rasa?"

"Ban gane ba."

"Hwaɗi kawai, Wanzam, mu musulmi ne. Wa anka rasa?"

"Ni hwa aski na zo yi."

An ɗauki lokaci kafin a lallashi mata. Wata tsohuwa ta ƙi yarda, ta ce ɓoye mata ake yi, sai da aka buga wa ɗanta waya a Legas ta ji muryarsa, ta zage shi a kan rashin aike, sannan ta koma bakin murhu.

Bayan aski maigidan ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ya saya. A shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara, mutane ba su daina mutuwa ba. Wanda aka kawo asibiti a Mafara daga ƙauye, idan rai ya yi halinsa, dole a sami mai kai labari gida kafin a iso da gawa. Akwai wani ɗan kabu-kabu mutumin Maradun, Tijjani, da yake tsayawa a bakin asibiti. Ya san kowace tunga, kuma Allah ya ba shi fuskar da ta dace da aikin. Shi aka riƙa aika. Da yake duk inda ya sauka da magana ɗaya yake farawa, sai aka sa masa Tijjani Sai-haƙuri, sunan kuma ya bi babur ɗin. Waya ta dawo, amma mutane sun riga sun ga irin wannan labari ya fi kyau a bakin mutum, aka ci gaba da aikensa. Fasinja mai rai kuwa ya daina hawa. Daga Jangebe zuwa Gidan Goga babu matar da ba ta san wannan tari da fito ba.

Ɗanasabe bai shiga gida ba, garejin Mas'ud ya wuce.

"Ashe ka sani!"

"Kowa ya sani, Baba Wanzam. Awaki ma sun sani."

"Mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Ka tambaye ni kahin ka saya? In ciniki ya hwaɗi, addu'a aka yi, ba a kushewa. Kai ka ɓoye ma mutane, mutane sunka ɓoye maka."

Aka shiga neman magani. Mas'ud ya canza salansa. Babur ya yi kwana biyu yana magana kamar kowane babur, a na uku fito ya dawo da ƙarin ƙarfi, kamar wanda ya huta. Mas'ud ya kwance abin da zai kwantu, ya ɗaure, ya kara kunne a jikin inji, ya girgiza kai.

"Muryar ga daga ƙirji take. Sai an canza inji, in ko anka canza inji, wani babur ka saya."

Aka yi masa fenti kore. Mutanen tunga suka ce Sai-haƙuri ya yi sabuwar riga. Ɗanasabe ya koma wurin dillali ya ce a karɓa a ba shi wani, ko da ya fi tsufa. Dillali ya washe haƙorin Makka.

"Wanzam, kai da ke aski, ka taɓa maida gashin da ka aske?"

Ko a gida bai sami mai taya shi ba. Ya ce wa Batulu ta hau ya kai ta barka Bakura, ko mutane sa ga mace mai rai a baya su saki jiki. Ta ce ita da ranta da lafiyarta ba ta hawa makara mai taya biyu, ya jira lokacinta ya yi.

Barin babur a gida ba zai yiwu ba, domin gwiwa tana nan, Muttaka ma yana nan. Sai ya yi tunani irin na mai hankali. Tunda ƙara ce ke tsorata mutane, to a hana su jin ƙarar. Daga ranar, duk tungar da zai shiga, tun daga nesa yake kashe inji ya sauka ya tura. Ba ya iya barinsa a daji, domin a zamanin nan babur ba ya jiran mai shi.

Abin mamaki, sai lamarin ya ƙara lalacewa. Da yana shigowa da ƙara, kuka ake yi na ɗan lokaci, a gane shi, a zage shi, a yi dariya. Yanzu da yake turowa shiru, ba a kukan ma. Wani magidanci ya hango shi daga gona, ya saki fartanya, ya zauna a kan kunya ya riƙe kai. A wata tunga mata suka tsaya a bakin rijiya da tuluna, babu wadda ta amsa sallamarsa, kowacce tana kallon ƙofar da zai nufa. Wani dattijo ya ce masa, "Wanzam, wasan ga naka ba shi da kyau." Ɗanasabe ya ɗauka maganar babur ce gaba ɗaya, ya ba da haƙuri, ya ƙara nisan wurin da yake kashewa.

Babur a cikin rairayi ya fi jaki taurin kai. Mutumin da ya shekara talatin bai ja guga ba, ga shi yana kokawa da ƙarfe a rana. Yana isowa a makare fiye da lokacin da yake tafiya a ƙafa, farar riga ta jiƙe. Wata safiya ya karɓi jariri, ya zaro aska, ya ga bakinta yana rawa. Ya mayar da jaririn, ya zauna yana wasa askar da ba ta bukatar wasi har rabin sa'a. Kakar jaririn tana zaune tana kallon hannun. Suna na gaba a gidan, Muttaka ya yi askin. Kafin a yanke shinkafa gidaje bakwai sun tafi.

Babban abin da ya rage masa shi ne Tungar Nagode, a bakin kanal ta wajen Bakura. Tungar kusan gida ɗaya ce, kuma gidan na wata tsohuwa ce mai suna Marka, wadda ta doshi tamanin. 'Ya'yanta da jikokinta su ne magidantan garin. Idan Marka ta ce a yi, ana yi, idan ta yi shiru a je a tambaye ta. Tungayen da ke kewaye kuma ita suke kallo. Ɗanasabe ya san cewa autanta, Isma'ila, ya rasu a shekarar da babu waya. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. An kai shi Mafara ran Lahadi, ran Laraba da hantsi Tijjani ya zo. Saboda haka a nan ya fi kiyayewa. Akwai wata 'yar gada a kan kanal kafin a shiga tungar, tun daga can yake kashe inji.

Da aka haifi ɗa namiji a gidan, aka aiko masa kamar kullum, amma ɗan aiken bai dube shi a ido ba. Ranar suna ya kashe babur a gada, ya turo. Ya tarar an raɗa wa yaro Sharhabilu, an yanka rago, kuma a ƙarshen tabarma ga Muttaka zaune, kekensa a jingine da darni. Babban ɗan Marka ya taso ya tare shi.

"Inna na kira."

Ya same ta a ƙofar ɗakinta a kan buzu, idanunta sun yi fari-fari. Ya durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau, ɗan Wanzam. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya mutan gida? Ya Batulu?"

"Suna lahiya. Ashe an samu ƙaruwa, Allah shi raya."

"Amin. Ya gwiwa?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Zauna, ba gaisuwa ta sa na kira ka ba. Ɗiyana sun ce a ba mai keke askin ga. Na ce a dakata in ji bakinka, don kakanka ya aske mijina, ubanka ya aske ɗiyana duka tara. Wa ya koya maka kashe babur bakin gada?"

"Ba kowa, Inna. Don kada a tsorata ne."

"Don kada a tsorata." Ta juya maganar a baki kamar goron da ya yi tsutsa. "Kai ka sayi babur ɗin Tijjani, ba ka san aikin Tijjani ba. In na nesa anka rasa, surukin wane, ƙanen kakar wance, da ƙara shika shigowa har ƙohwa. Mu yi kukanmu mu koma daka. In ko ɗan gida ne, tun daga nesa shika kashe shi, shi turo. Wai ladabi. Duk tungayen ga kowa ya san haka, sai kai."

Ɗanasabe ya tuna mai fartanya, ya tuna matan bakin rijiya.

"Ran da anka rasa Isma'ila," in ji Marka, "nan wurin nike ina bakacen shinkahwa. Na ji tari daga gada, na ji hito, sannan na ji shiru. Na san wanda ke asibiti. Daga gada zuwa nan, mai turi kan ɗauki kamar tahasar ruwan koko. Na ci gaba da bakace har ya yi sallama, don na san in na aje faifai, to ya tabbata."

Ta gyara zane a gwiwarta.

"Yau sau ukku ke nan kana maido min da shirun nan. Idona ya tahi, kunnena na nan."

"Inna, ki gahurce ni. Wallahi ban sani ba. Daga yau gida zan bar shi."

"Ka bar shi gida ka iso da azahar? Jikokina su yi gemu kahin ka aske su? Ƙarhe ne, mi ya sani? A maida shi bakin gada. Ka hau, ka shigo da ƙara kamar mutumin kirki, ka danna ham ɗin nan har kaji su watse. Ni zan tsaya ƙohwa. In na ji na tsaya, in ga wadda za ta yi kuka."

Ta ɗaga murya ta kira babban ɗanta. "Ku tura mai. Hannun ga na aski ne, na ji labarin rawa shika yi."

Magidanta biyu suka tura babur zuwa gada, Ɗanasabe yana biye da su hannu a aljihu. Sauran masu suna suka biyo, domin babu mai son a ba shi labari. A gada ya hau, ya gyara rawani, ya yi bisimilla, ya buga kik. Babur bai ce komai ba. Ya sake bugawa. Ya buga sau goma sha ɗaya. Abin da ya shekara yana shiga gidajen mutane ba a gayyace shi ba, yau da aka gayyace shi ya ƙi zuwa.

Ya kwance fulogi ya kankare da tsohuwar aska, ya hura, ya mayar. Shiru. Ya girgiza tanki ya ji mai yana nan.

"Inna na tsaye ƙohwa hwa," in ji babban ɗan.

"Sai an tura shi a guje," in ji Ɗanasabe. "In sa giya ta biyu, ku ruga, in saki kuloci."

Magidanta shida suka dafa. Liman ya ce aikin lada ne, ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya sa hannu. Muttaka ya ja baya, amma babban ɗan ya dube shi ya ce, "Malam mai keke, ai kai ma ka ci goro." Haka Muttaka ya dafa bayan babur ɗin abokin gabarsa. Suka ruga, wannan yana cewa saki, wancan yana cewa kada ka saki. Ɗanasabe ya saki kuloci. Babur ya yi tsalle ya tashi, ya bar mutum takwas a baya, liman yana neman hularsa a rairayi.

Ya shigo Tungar Nagode yatsa a kan ham. Kaji suka watse, ragon wani ya tsinke igiya. Ga Marka tsaye a ƙofa, hannu ɗaya a kan dogarin zaure, mata cike a bayanta. Ya sassauta totur. Babur ya yi tari biyu, ya ja fito. Wata daga baya ta fara salati, Marka ta ɗaga hannu ba ta waiwaya ba, muryar ta koma ciki. Tsohuwar ta tsaya ta saurari fiton tun daga farkonsa har ya siranta ya ƙare. Tayar gaba ta tsaya saura taku ɗaya ta taɓa bango.

"To, na ji," in ji ta. "Tijjani dai ya hi ka iya tsayawa. Kashe shi, ka wanke hannu, angona na jira."

Ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Aka miƙo masa Sharhabilu a zane. Ya zaro aska, ya ɗaga ta a haske, ya dubi bakinta na ɗan lokaci, ya ga ba ya rawa, sannan ya jiƙa kan yaron ya fara daga goshi. Muttaka ya ci tuwon suna, ya yi addu'a mai tsawo, ya hau kekensa.

Tungar Nagode ta zauna a hannun Ɗanasabe. Daga cikin gidaje bakwai da suka tafi, huɗu sun dawo da suka ji cewa Marka ta tsaya a ƙofa. Uku sun zauna wurin Muttaka, kuma an ce yana yi musu aiki mai kyau. Ɗanasabe bai sake kashe inji a bakin wani gari ba. Tun daga inda ya hango rumbuna yake danna ham, kuma ƙorafin da ake yi a kansa yanzu shi ne yana tashin masu jego daga barci.